Yini Guda a Ƙurɗuba: Rubutun da Muka Goge a Hanyar Dawowa



Za mu fara da tona wa kanmu asiri. Mun rubuta labarin ziyararmu ta Ƙurɗuba tun kafin ƙafarmu ta taka garin. Wani gajeren horo ne ya kai mu uku birnin Sebiya na ƙasar Sifaniya, wanda littattafanmu ke kira Ishbiliya, sai muka samu Asabar guda babu aiki. Daren Juma'a mu biyu muka zauna da waya muka tsara shafi biyu a kan Andalus da ta ɓace: hawaye, daular da ta faɗi, masallacin da ya zama coci, ladanin da ya yi shiru. Muka karanta, muka ji daɗin kanmu. A tunaninmu abin da ya rage shi ne mu je mu ɗauko hotunan da za mu liƙa a jikin rubutun.

Na ukunmu ya girme mu da kusan shekara ashirin, Malam muke ce masa. A cikin jirgin ƙasa mai sauri, wanda ke cinye tafiyar cikin kimanin minti 45, muka miƙa masa wayar. Ya karanta har ƙarshe, ya mayar mana, ya ce, "Ya yi daɗi. Amma da kun zauna a gida ma kun iya rubuta wannan. Me ya sa kuka sayi tikiti?" Muka yi dariya, amma maganar ta tsaya mana a maƙoshi.

A gaskiya ba mu da laifi sosai, domin Bahaushen da ya zauna a gaban malamin zaure ya san Ƙurɗuba ko bai san ya sani ba. Littafin nan na baitocin ibada da muke kira Ƙurɗabi sunan garin yake ɗauke da shi. Alfazazi mai Ishiriniya a nan aka haife shi. Muwaɗɗar Imamu Malik da ake karantawa a ƙasarmu ruwayar Yahaya bin Yahaya Allaisi ce, malamin da ya rayu ya kuma rasu a wannan birni a 848. Saboda haka muka je da gari cike da kanmu, irin wanda aka gina da ji. Abin da ba mu tanadar wa wuri ba shi ne garin da ido zai gani.

Daga tasha muka taka da ƙafa, kusan minti ashirin da biyar. Da farko manyan tituna ne irin na kowane birnin Turai. Can sai hanya ta fara tsukewa, muka faɗa lunguna masu farar ƙasa a bango, wasu idan mutum ya buɗe hannuwansa biyu zai kusa taɓa kowane gefe. Gidajen ba sa nuna komai ta waje sai ƙofa da ƙananan tagogi masu ƙarfe. Amma inda aka bar ƙofa a buɗe, za ka hango ɗan soro, bayansa tsakar gida mai rijiya ko ƙaramar maɓuɓɓuga, da tukwanen furanni rataye a bango. Wanda ya taɓa ratsa cikin birnin Kano ko Zariya ba ya buƙatar a yi masa bayani. Garin zafi ne ƙwarai, a watan Yulin 2017 ma'auni ya kai digiri 46.9, kuma maginan da suka fuskanci rana irin wannan amsa ɗaya suka samo da namu: bango mai kauri, lungu mai inuwa, rayuwa a tsakar gida.

Masallacin, wanda mutanen garin har yau suke kira Meskita duk da coci ne tun 1236, ya bayyana gabanmu kamar ganuwa. Muka shiga ta farfajiyar da aka dasa itatuwan lemo layi-layi, da 'yan magudanan ruwa a ƙasa masu kai ruwa daga gindin wannan zuwa na wancan. Nan ce wurin alwala a da. A gefen arewa hasumiyar ƙararrawa ce mai tsawon mita 54. Ba a rushe hasumiyar kiran salla da Abdurrahman na Uku ya gina a wajen 951 ba, lulluɓe ta aka yi da sabon gini, tana nan a ciki kamar ƙwallo a cikin mangwaro.

Da muka shiga ciki sai duhu ya tare mu, muka tsaya har idanunmu suka saba. Sannan ginshiƙai suka fara fitowa, sama da 850, kowanne ɗauke da baka mai ratsin ja da fari, layi bayan layi har inda ido ya gaza. Nan take muka zaro waya. Malam ya riƙe hannun ɗayanmu ya ce, "Ku biyu ba difloma kuka yi a fannin gine-gine ba? To ku mayar da waya aljihu. Ku duba ginshiƙai goma na farko, ku faɗa mini abin da kuka gani. Ban ce abin da kuka ji a zuciya ba."

Muka duba, kunya ta kama mu, domin abu ne a fili. Ginshiƙan ba iri ɗaya ba ne. Wannan marmara ce mai ruwan hoda, wancan baƙi-baƙi, wani santsi, wani da zane a jiki. Kawunansu ma kowanne da irin sassaƙarsa. Wasu an ɗora su a kan dutse mai tsayi, wasu a kan gajere, don a daidaita tsawonsu. Kayan aro ne. Abdurrahman na Ɗaya, wanda ya tsere daga Sham bayan Abbasiyawa sun kifar da gidansu na Banu Umayya a 750, ya kafa mulki a Ƙurɗuba a 756, ya fara wannan masallaci a wajen 785. Maginansa ba su tsaya sassaƙa sababbin ginshiƙai ba. Sun tattaro na tsofaffin gine-ginen Rumawa da na Bisigot, mutanen da suka mulki ƙasar kafin zuwan Musulmi.

A nan matsalar ta taso. Ginshiƙan gajeru ne, kimanin mita 3. Idan ka ɗora rufi kai tsaye a kansu a ɗaki mai wannan faɗi, zai zama kamar kurkuku, ga duhu ga rashin iska. Sai maginan suka ɗora wani dogon turke na dutse a kan kowane ginshiƙi, suka yi baka biyu, ɗaya a kan ɗaya. Na ƙasa mai siffar kofaton doki ne, aikinsa ya riƙe turakun kada su buɗe. Na sama rabin da'ira ne, shi ke ɗauke da rufi. Da haka rufin ya tashi kusan ninki uku na tsawon ginshiƙin. Ratsin ja da fari kuwa jan bulo ne da farin dutse aka jera bi da bi. Shi kansa bakan kofaton doki Bisigot sun riga su amfani da shi, kuma wasu masana na ganin dabarar hawa biyu da ratsin daga gadar ruwa ta Rumawa da ke Merida aka hango ta. Kusan duk abin da ke wurin na wani ne, amma haɗin bai taɓa faruwa a ko'ina ba kafin nan.

Muna tsaye muna kallon sama sai ɗayanmu ya ce, "Ai wannan labarin azara ne." Haka ne kuwa. Azarar giginya gara ba ta cin ta, amma ba ta ɗaukar rufi idan tazara ta wuce mita 2 ko kusa da haka. Maginin Hausa da yake son babban zaure sai ya riƙa jera ta gaɓa-gaɓa, kowace tana leƙowa gaba da ta ƙasanta, yana ɗaure su yana lulluɓewa da ƙasa, har su haɗu a tsakiya su ba da bakan gizo. Ba muna cewa wani ya koya daga wani ba ne. Abin da ya kama mu shi ne a wurare biyun gajartar kayan aiki ce ta haifi siffar da ake zuwa kallo. An koya mana wannan a aji, mun rubuta shi a jarrabawa, amma sai a ƙasar wasu muka gane shi.

Daga nan muka nufi kudu, kuma tafiya kudu a wannan gini tafiya ce cikin shekaru. Abdurrahman na Biyu ya fasa bangon alƙibla ya ƙara tsawo tsakanin 833 da 848. Alhakam na Biyu, wanda ya hau mulki a 961, ya sake fasawa ya ƙara nasa, kuma nasa ne ya fi ko'ina ado. A nan bakunan suka fara sarƙewa da juna, sama kuma akwai ƙubbobi da aka ɗaure da haƙarƙarin dutse masu giftawa ba tare da sun bi ta tsakiya ba, sai su fitar da tauraro mai kusurwa takwas. Maharabin ba loko ba ne a bango kamar namu, ƙaramin ɗaki ne mai zaman kansa, rufinsa da siffar ƙwaryar kifin teku. An yi wa fuskarsa ado da dubban ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinare da shuɗi, aka rubuta ayoyin Alƙur'ani da rubutun kufi. Masu wannan sana'a kuwa daga Ƙusɗanɗiniya suka zo, sarkin Rumawa Kirista ne ya aiko wa halifa Musulmi da gwani da kayan aikin. Mun daɗe a wurin muna haɗa baƙaƙen, muna karanta abin da muka iya. Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne alƙiblar ta fi karkata kudu, alhali Makka daga Ƙurɗuba ta fi kusa da gabas. Duk sarakunan da suka ƙara ginin sun bar ta yadda suka same ta.

Ƙari na ƙarshe na Almansur ne, wazirin da ya riƙe mulki a hannunsa, a 987 zuwa 988. Kogi ya tare kudu, sai ya faɗaɗa ta gabas, ya ƙara layi 8 a kan 11 na asali. Nasa ne ya fi girma. Malam ya sa muka matsa kusa da wani baka muka ɗaga kai. Ratsin ja da fari yana nan, amma babu bulo ko ɗaya. Dutse ne zalla aka shafa wa jan fenti a inda ya kamata bulo ya zauna. Daga nesa ba ka bambancewa. Malam bai ce komai ba, ya dai dubi aljihun da wayarmu take. Mun fahimta. Shafi biyun nan namu irin wannan ne: mun ga yadda manya suke kukan Andalus, muka shafa launin a kan abin da babu komai a ƙarƙashinsa.

Duk da haka, a wannan ɓangaren ne muka ga abin da ya fi taɓa mu. A jikin ginshiƙai da yawa akwai ƙananan alamomi da sunaye da masassaƙan suka karta, watakila don a san aikin wa za a biya. An kwafe su an jera a bango don masu ziyara. Littattafai sun adana sunayen sarakuna huɗu, su kuwa leburorin da kansu suka adana nasu, da gizago.

Sai muka iso tsakiya. Kana tafiya cikin dajin ginshiƙai da duhu-duhu, kwatsam sai rufi ya tashi sama, haske ya zubo, ka tsinci kanka a cikin babbar majami'a mai farar ƙubba da gumaka da kujerun katako masu sassaƙa. An fara ta a 1523, aka cire ginshiƙai da dama don a samar mata wuri. Ba za mu ɓoye ba, ranmu ya sosu. Ɗayanmu ya ce, "Malam, ka gani ko? Ashe rubutunmu gaskiya ya faɗa."

Malam ya ce, "Rabin gaskiya. Ku karanta abin da ke hannunku."

A takardar bayanin da littafin jagorar da muka saya a hanya muka tarar da sauran rabin. Kiristoci sun yi kusan shekara 300 suna ibada a ginin ba su taɓa tsakiyarsa haka ba. Da shugabannin coci suka tashi yin wannan aiki, majalisar garin, wadda ita ma ta Kiristoci ce, ta tsaya ta ce ba ta yarda ba, har sai da magana ta kai gaban sarki Sharl na Biyar ya ba da izini. Ana ba da labari cewa da ya zo ya gani da idonsa ya yi nadama, ya ce an ɓata abin da babu irinsa don a gina abin da ake samu ko'ina. A rubutunmu na daren Juma'a babu wurin waɗannan mutane, domin mun raba duniya gida biyu tun kafin mu iso.

Akwai abin da ya fi wannan ɗaci. Kilomita 8 yamma da garin akwai Madinatuz Zahra, birnin fada da Abdurrahman na Uku ya fara a wajen 936. Bai cika shekara 80 ba aka wawashe shi aka ƙone, a yaƙin basasar da ya ɓarke tsakanin Musulmi su da kansu daga 1009, wanda ya ƙare da rushewar halifancin a 1031. Yau kufai ne da ake tonowa. Masallacin da ya faɗa hannun wasu yana tsaye da rufinsa, fadar da ta zauna a hannun masu ita ta zama tarin duwatsu. Wannan ba ya wanke wanda ya fasa tsakiyar masallaci, amma ya hana mu kukan da ba shi da tambaya a ciki.

Kuma laifi tudu ne. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 da bakan gizon da masana gine-gine na duniya suke rubutu a kai, a shekarun 1970 aka rage shi aka lulluɓe abin da ya saura da ginin siminti. Ba baƙo ne ya yi ba. Ganuwar Kano kuma kowa ya san yadda ake cin ta da gini da ɗibar ƙasa. Mu da muka yi tattaki har Sifaniya don mu yi kukan gini, mun tambayi juna yaushe rabon da mu shiga mu duba namu. Ɗayanmu bai taɓa ba.

Ba a yin sallar Musulmi a cikin ginin, mun san da haka tun kafin mu zo. Da azahar ta yi muka fita muka nemi wani ƙaramin masallaci da Musulmin garin ke amfani da shi, muka yi salla tare da wasu 'yan Maroko da wani Basifaniye da ya musulunta. Sahu biyu ne kacal. Bayan mun idar muka ci soyayyen gauta irin nasu da aka yaryaɗa wa zuma, da wata miyar tumatir mai sanyi da kauri da suke kira salmoreho. Wanda zai je ya kula, bisa al'ada ana barbaɗa mata naman alade a sama, sai ka ce a bar maka ita haka.

Da yamma muka zaga tsohuwar unguwar Yahudawa. Akwai ƙaramin wurin ibadarsu da aka gina a 1315, bangonsa cike da ado irin na maginan Musulmi amma rubutun Ibrananci ne. An kori masu shi daga ƙasar a 1492. A bayan ganuwa, a titin da ke ɗauke da sunan Ƙairawan, garin mai Risala, muka samu mutum-mutumin Ibn Rushd zaune da littafi a gwiwa. Shi ne mai Bidayatul Mujtahid, an haife shi a nan a 1126, ya yi alƙalancin garin. A ƙarshen rayuwarsa mahukuntan zamaninsa suka kore shi aka ƙone wasu littattafansa, ya rasu a Marrakesh a 1198. Shi ma ba mu sa shi a kukanmu ba. Malam ya ƙara mana da cewa kalmar da Sifaniyawa ke kiran magajin gari da ita, alkalde, da tamu alƙali uwarsu ɗaya a Larabci.

Mun ƙare yinin a kan gadar Rumawa mai baka 16, bisa kogin Guwadalkibir, wato Wadil Kabir. Daga tsallaken ne ake ganin ginin gaba ɗaya: doguwar katanga mai launin ƙasa, jerin rufin masallaci a kwance, majami'a ta ɓullo daga tsakiya. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1984. Mun ɗauki hoto ɗaya a nan, muka kama hanyar tasha.

A jirgin dawowa muka sake buɗe shafi biyun. Muka yi musu gwaji mai sauƙi: duk jimlar da za a iya rubutawa ba tare da an je ba, a goge ta. Jimla ɗaya ce ta tsira, wadda ke cewa za mu tashi da jirgin safe. Baƙin cikin da muka rubuta ba ƙarya ba ne, mun ji shi a gaban maharabin, mun ji shi a sahu biyun nan. Amma a rubutun farko aro muka yi shi, ba mu ɗora masa komai namu ba.

'Yan uwa, da yawanmu muna ƙorafin kayan aikinmu gajeru ne: ba mu yi zurfi a karatu ba, ba mu yi tafiye-tafiye ba, Hausa ba ta da kalmar kaza. Wasunmu kuma muna jin kunyar a gane daga wa muka koya. Maginan Ƙurɗuba da gajerun ginshiƙan aro suka yi aiki, ba su ɓoye su ba, suka nemi dabarar da za ta ɗaga rufi. Aro ba aibu ba ne. Abin gudu shi ne fenti, ka kwaikwayi kamannin rubutun wani ba ka san abin da ke riƙe da shi ba.

Ga abin da muka ɗora wa kanmu, wanda yake so ya taya mu. A wannan mako kowa ya je gini mafi tsufa da ke kusa da shi, ko zauren mai unguwa ne, ko ƙofar gari, ko rumbun kakarsa. Ya bar waya a aljihu na minti talatin. Ya ƙirga abin da ke ƙirguwa, ya taɓa bango, ya tambayi dattijon wurin sunan kowane sashe da wanda ya gina shi. Sannan ya rubuta shafi ɗaya, kada ya sa kalmar "kyau" ko "tarihi" ko sau ɗaya. Mu dai mun yi alƙawarin Zariya ce farkon inda za mu je idan Allah ya kai mu hutu.

Allah ya ba mu idon gani kafin alƙalami, ya sa mu dace. Sai mun ji gyaranku.